Ƙyauren Mai Takaba

Ranar da Adawiyya ta cika kwana tamanin da tara cikin takaba, da hantsi, tana zaune bisa tabarma tana tsefe wa 'yarta Ulfa kai, sai ta ji ana taɓa ƙyauren ɗakinta. Ba ƙwanƙwasawa ake yi ba, shafa shi ake yi, irin shafar da mai saye ke yi wa rago ana jibi Sallah. Ta jawo hijabi ta leƙa. Yaya Kabo ne, wan mijinta marigayi Sadisu, da ƙanensu Ɗanmaliki, da Sodangi kafinta da fensir a bayan kunne.

"Maman Ulfa, ya ƙarin haƙuri?" in ji Kabo, idonsa na kan katakon.

"Da godiya, Yaya."

"To albishir muka kawo maki. Ƙungiyarmu ta 'yan ƙwallon tebur ta zauna jiya, mun yanke za mu sa gasar cin kohi don tunawa da Sadisu. Kin san duk Kankia ba wanda ya kai shi son wasan ga."

Ta sani mana. Sau nawa tuwonsa ya huce a kwano saboda wasan nan? Sai ta ji idonta ya ciko, ta ce a ranta ashe dai 'yan'uwa 'yan'uwa ne. Ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

"Sai dai teburinmu ya samu matsala," in ji Ɗanmaliki. "Gara ta ci ƙahwahun, ruwa ya kumbura saman. Ka buga ma abokin wasa ƙwai, shi ko ƙwan ya kama hanyar Kusada."

Ƙwai suke kiran 'yar farar ƙwallon. Sodangi ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, ya ce irin wannan katako ba a samunsa yanzu. Ɓari biyu ne, in aka kwantar da su gefe da gefe aka ɗaura raga a tsakiya, ko a Katsina sai haka. Sai a lokacin Adawiyya ta gane inda albishir ɗin ya dosa.

"Yaya, ƙyauren ɗakin nawa?"

"Kwana ukku kacal. Juma'a, Asabar, Lahadi. Litinin da sahe kin ga abinki. Kuma ai don mijinki ne, ba don wani ba."

In ana son a san abin da ya sa duk faɗin gidan sai ƙyaurenta ya dace, amsar ba ta da wuya. Shekara biyu da suka wuce aka canza wa kowane ɗaki ƙyaure, aka sa na ƙarfe. Da aka zo kan ɗakin Sadisu, wanda asalinsa ɗakin ajiyar hatsi ne mai faɗin baki, sai aka ce a bari sai an yi kaka. An yi kaka biyu. Yau ga shi mantuwar da aka yi da su ta zama abin amfani, don ƙwai ba ya tsalle yadda ake so a kan ƙarfe.

Adawiyya ta dubi Inna Tani, uwar mijinta, wadda ke zaune a inuwa tana tsinkar zogale. Inna ba ta ɗago ba.

"Mai takaba ba ta gardama, ɗiyata. Haƙuri."

Kafin Ulfa ta gama kukan tsifa Sodangi ya kwance kusoshi, an ɗauke ɓari biyun an yi zaure da su. Ɗanmaliki ya farke wani tsohon buhu ya rataya a bakin ɗakin, ya ja da baya ya dube shi, ya ce wallahi har ya fi kyau.

Wanda ba shi da ƙyaure ba ya rasa labari. Daga kan tabarmarta Adawiyya ta riƙa jin duk zaman da kwamitin shirya gasa ke yi a zaure, ko tana so ko ba ta so. Da farko mutum takwas ne za su buga, abokan Sadisu. Sai Ɗanmaliki ya sa sanarwa a waya, don a san su ma suna raye. Kafin la'asar 'yan Fakuwa sun aiko sunaye shida. 'Yan Tafashiya suka ce ai Sadisu ya taɓa cin su a garinsu, ba za a yi ba su ba. Daga Kusada aka bugo waya aka ce in ba tsoro ba me ya hana a gayyace su. Da aka rufe rajista mutum talatin da biyu ne a takarda, tebur kuwa guda ɗaya.

Kabo ya naɗa kansa shugaban kwamiti, ya kuma naɗa kansa wanda za a kai wa ƙara in an ga kwamitin bai yi daidai ba. Ɗanmaliki ya zama alƙalin wasa, ya je kasuwa ya sayo usur. Wani malamin makaranta ya ce masa ba a busa usur a ƙwallon tebur, ya ce to a wannan za a busa, tunda ya riga ya saya. Aka zuba sunaye cikin hular Kabo aka yi ƙuri'a. Wasu wa da ƙane daga Fakuwa suka faɗo tare, suka ce ba su yarda ba, ƙane ba ya cin wansa a bainar jama'a. Aka sake. A karo na biyu Kabo ya faɗo da wani zaƙaƙuri daga Kusada, nan take ya gano cewa ba a karkaɗa hular da kyau ba. Aka sake.

Sannan aka ce tebur sai da fenti. Aka shafa kore, aka ja farin layi, Sodangi ya ce kada wanda ya kusance shi sai ya kwana biyu. Haka kwana ukun Kabo suka cika ba a buga ƙwai ko ɗaya ba.

Litinin da safe Adawiyya ta tare Kabo zai fita gona. Ta durƙusa daga bayan buhun ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, yau Litinin."

"Na sani mana. Amma ke ma kin ji yadda abin ya bunƙasa. Albarkar Sadisu ce wannan, Maman Ulfa. Wa ya taɓa ganin an taso daga Kusada don mutum guda? Ki ƙara mana mako ɗaya."

Damina ce, kowa na gona da safe, ba a fara wasa sai bayan la'asar, a gindin bedin ƙofar gida. Wasa biyu, in an yi ƙoƙari uku, sai a kira magariba. Ran da hadari ya taso a gudu da tebur zaure. Ranar kasuwa ba wasa. Ran da 'yan Tafashiya ke gayya ba wasa. Adawiyya ba ta yi zurfi a boko ba, amma ba ta buƙatar allo kafin ta gane mako ɗayan nan ba zai tsaya a mako ɗaya ba.

Buhun bai kai mako ba. Akuyar Hannatu, matar Kabo, ta fara da gefensa, ta ji daɗi, ta dawo da 'ya'yanta. Adawiyya ta rataya tsohon zanenta, iska ta riƙa ɗaga shi kamar tuta. Kajin gidan suka gano akwai wuri mai ɗumi a ƙarƙashin gadonta, suka mai da shi akurki. Da Hannatu ta zo kwasar ƙwayayen kajinta ta tsaya ta dubi bakin ɗakin, ta girgiza kai.

"Wallahi abin ga ba daɗi, Maman Ulfa. Ni da ni ce ba ni iyawa. Amma kin san maza da wasansu."

Ta koma ɗakinta ta turo ƙyauren ƙarfenta, Adawiyya tana jin ƙarar sakata.

A kwana na tara da ɗauke ƙyauren aka yi ruwa da iska daga gabas, tun azahar har la'asar. Ruwan ya shigo ɗakin kai tsaye, ba neman izini. Adawiyya ta ɗora Ulfa bisa akwati, ta riƙe tabarma a bakin ƙofa da hannu biyu, ruwa na bin hannunta yana gangarawa cikin riga. Katifa ta sha ruwa ta ƙoshi. Garin da ke cikin kwano ya zama kunu. Kayan Sadisu da ta ninke ta ajiye, waɗanda har yanzu takan buɗe ta duba in kewa ta dame ta, suka jiƙe sharkaf. A zaure kuwa mutum huɗu ne suka lulluɓe tebur da leda, har da Kabo da kansa yana faɗa kada ɗigo ɗaya ya taɓa fentin.

Bayan ruwa sai sauro, bayan sauro sai zazzaɓi. Ulfa ta kwanta kwana uku jikinta kamar garwashi, tana tari. Inna ta jiƙo magani, Ɗanmaliki ya sayo na kemis, wannan kam ba a hana su ladansa. Amma da Adawiyya ta ce sanyi ne da sauro, kuma ta bakin ƙofa suke shigowa, sai kowa ya zama malami.

Kabo ya ce, "Ciwo ai na Allah ne. Mu da ke da ƙyaure ba mu yin zazzaɓi?"

Ɗanmaliki ya ce, "Ke iska ma kike samu. Mu da na ƙarhe zahi ke gasa mu kamar masara."

A da, in Ɗanmaliki ya yi mata irin wannan tsiya ta ƙanen miji, da ludayi take bin sa har zaure. Yanzu ba halin ɗaga murya, balle ludayi. Ta haɗiye ta je wurin Inna, ta roƙa a bar su ita da Ulfa su riƙa kwana a ɗakin Innar kafin a gama.

"Ina! Mai takaba ɗakin mijinta take kwana, haka muka taras. Ulfa dai ta taho."

"To Inna, ki ce masu su maido mani ƙyauren."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi. "Ɗiyata, in na ji ana kiran sunan Sadisu a ƙohwar gida, sai in ji kamar shina nan. Ki bar su su ida. Kwana nawa ne?"

Me za ta ce wa uwar da ta binne ɗa? Ta koma ɗaki. Fita an ce ba ta fita, ƙaura an ce ba ta ƙaura, magana an ce ba ta ɗaga murya, duk dokokin takaba an tsare mata su tsaf ba a rage ko ɗaya ba. Suturar mai takaba ce kaɗai aka ga ana iya ara. Kowace la'asar tana jin ƙwas, ƙwas, ƙwas, da usur ɗin Ɗanmaliki, da ihun 'yan kallo suna kiran sunan mijinta, ita kuwa tana zaune a lungun da ba a hangowa daga tsakar gida, cikin hijabi, zufa na bin bayanta. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai, wani lokacin kuma don takaici sai ta ji dariya ta kama ta.

Gasar kuwa sai ƙara armashi take yi. Kabo ya fita tun zagayen farko, da ci goma sha ɗaya da biyu, ya kai ƙara wurin kansa, da kyar aka lallashe shi ya kori ƙarar. 'Yan Tafashiya suka ce wani ɗan wasan Kusada haya aka yo shi daga Katsina, aka dakatar da wasa kwana huɗu ana bincike, daga ƙarshe aka gano kakarsa 'yar Bauranya ce, wani ƙauyen Kusada, aka ce ya halatta. Masu awara da masu rake suka kafa kasuwa a gindin bedi. Baƙi suka riƙa shigowa tsakar gida neman ruwan alwala, kowa ya wuce sai ya ga zane na kaɗawa a bakin wani ɗaki, ya kau da kai, ko kuma ya manta bai kau ba.

A kwana na ashirin da biyar aka yi yayyafi, aka mai da wasa cikin zaure. Adawiyya ta fito daga wanka ke nan, ta shiga ɗaki da ɗaurin ƙirji, tana neman riga. Wani ya kai wa ƙwai duka da ƙarfin tsiya, ƙwan ya fito ta ƙofar zaure, ya yi tsalle uku a tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin zanen ya tsaya a gaban ƙafarta. Bayansa sai ga wani ƙato, baƙo, da bat ɗin buga ƙwai a hannu, yana gudu kansa a ƙasa. Sai da ya ɗaga zanen sannan ya ga inda ya shigo.

"Innalillahi!" in ji shi, ya juya da gudun da ya fi na zuwa.

Adawiyya ta durƙushe a bayan gado. Namijin da ba muharraminta ba, cikin ɗakinta, cikin takabarta. Ta yi kuka ranar, kuka na gaske, wanda ba ta yi irinsa ba tun ranar bakwai. Da ta gama ta share fuska, ta ga ƙwan yana nan inda ya tsaya. Ta ɗauka ta ƙulle a bakin zane.

Ashe shi ne na ƙarshe, sauran duk sun fashe. Ba a jima ba sai ga Ɗanmaliki, usur na lilo a wuyansa.

"Maman Ulfa, an ce ƙwanmu ya shigo nan."

"Ya shigo."

"To miƙo mani, ana jira. Tara da tara ake."

"Ƙyaure ya shigo, ƙwai ya hita."

Ɗanmaliki ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya je ya kira Kabo. Kabo ya zo ya tsaya daga nesa yana gyara murya. Ya ce abin da ya faru tsautsayi ne, kuma baƙon ya rantse bai ga komai ba. Ya ce nan gaba ta riƙa yin wanka kafin la'asar, ta kuma riƙa zama da hijabi, don rigakafi ya fi magani. Sannan ya ce ta ba da ƙwan, kada ta kunyata gidan a idon baƙi.

"Yaya, kunyar gidan ga a bakin ɗakina take rataye. Ƙyaure ya shigo, ƙwai ya hita."

Aka turo Inna, aka turo Hannatu. Adawiyya ta ce ita ba ta ɗaga murya ba, ba ta fita ba, ba ta yi gardama ba, ƙwai ne ya shigo mata ɗaki ba sallama ta riƙe shi. Ranar dai ba a ƙarasa wasa ba. Ta kwana da murna, ta ɗauka ta kama su a hannu.

Kashegari tun da sassafe ta ji tashin babur. Ɗanmaliki ne, ya bar gonarsa da ciyawa, ya bi titi har Katsina, kafin azahar ya dawo da kwali guda na ƙwai, dozin biyu. Mutanen da suka kasa taka taku ashirin daga zaure zuwa ɗakinta cikin kwana ashirin da biyar, ga shi sun je birni sun dawo cikin rabin yini. Ta kwance ƙwan daga bakin zane ta ba Ulfa ta yi wasa da shi.

A kwana na talatin da uku aka gama wasan kusa da na ƙarshe. Saura mutum biyu, Abdulmannan na Fakuwa da Babba na Kusada. Adawiyya ta ce alhamdulillahi, gobe a gama, jibi ta rufe ɗakinta ko na mako guda ne kafin ta fita takaba. Da yamma sai ga Kabo, fuskarsa cike da fara'a, irin ta wanda ya zo da kyauta.

"Maman Ulfa, kwamiti ya yi maki babbar karramawa. Mun ɗage wasan ƙarshe sai ranar da kika hita takaba, don ke da hannunki za ki miƙa kohin mijinki. Kwana takwas ne kacal."

Da kyar ta ce to a kafa mata ƙyauren kafin ranar, in ya so a sake cirewa.

"Na tambayi Sodangi, ya ce in aka kahwa shi aka cire sai ya karkace, ƙwai ya daina tahiya daidai. Kin ga ba a yi ma 'yan wasan ƙarshe adalci ba ke nan."

Haka ta ƙara kwana takwas a buɗe saboda girmamawa. Tebur na zaure lulluɓe da leda, ba mai taɓa shi, an ma hana yara zama kusa da shi.

Ranar ta zo. Da safe Adawiyya ta yi wankan fita takaba, aka yi sadakar waina, ta sa tufafi masu launi a karo na farko cikin wata huɗu da kwana goma. Yayanta Sabi'u ya iso daga Bauranya, don gobe zai koma da ita gida kamar yadda aka saba. Ya ga bakin ɗakin ya tambaya, ta ce masa ya bari tukuna. Bayan la'asar ƙofar gida ta cika maƙil. An aro kujeru, an aro lasifika, ga mai unguwa, ga limamin unguwa, ga kofi mai ruwan zinariya bisa kujera an ɗaura masa kyalle. Aka ajiye wa Adawiyya kujera a bakin zaure, kusa da Inna.

Wasa ya yi wasa, wannan kam gaskiya ne. Babba na yanka ƙwai ta ƙasa, Abdulmannan na mayarwa da duka, Ɗanmaliki na busa usur a inda ya dace da inda bai dace ba. Adawiyya ba ƙwan take kallo ba. Ƙyaurenta take kallo, ya sha kore, an ɗora shi bisa benci biyu, maza na jingina da shi suna ɗiga masa zufa. Daga ƙarshe Abdulmannan ya ci, 'yan Fakuwa suka ɗaga shi sama.

Kabo ya karɓi lasifika. Ya gode wa kwamiti, ya gode wa shugaban kwamiti. Ya ce wannan gasa shaida ce cewa gidansu ba ya manta nasa. Ya ce tun ranar da Sadisu ya rasu, iyalinsa ba su nemi komai sun rasa ba, an riƙe su riƙon amana, ga ta nan a tambaye ta. Aka yi tafi. Ya miƙa mata kofin, ya kara mata lasifikar a baki don ta yi godiya.

Adawiyya ta tashi. Wata huɗu ana ce mata kada ta ɗaga murya, yau ga shi an ɗaga mata ita har unguwa uku na ji.

"Salamu alaikum. Na gode ma kowa da ya taso don Sadisu, Allah ya ba da lada. Wanda ya ci, Allah ya sa alheri." Ta miƙa wa Abdulmannan kofin, ta nuna teburin da hannu. "Abu guda ne. Wancan da kuke bugu bisanshi ƙyauren ɗakina ne. Kwana arba'in da ɗaya kuna buga mani ƙyaure, ba wanda ya yi sallama. To ga ni na hito. Na yahe maku, ku ba ku sani ba."

Wasu suka fashe da dariya, sun ɗauka raha ce. Wani dattijo daga Tafashiya ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin teburin. Ga mariƙin kwaɗo, ga ramukan kusoshi, ga zanen gawayi da Ulfa ta yi na wata mata mai katon kai. Ya miƙe ya ce, "La ilaha illallahu, ƙyaure ne." Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Abdulmannan ya tsaya da kofi a hannu ya rasa inda zai ajiye shi. Liman ya dubi Kabo, kallon da ya fi huɗuba tsawo. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kabo ya fizgi lasifikar ya ce ai Maman Ulfa akwai barkwanci, kuma dama gobe-goben nan aka shirya mai da shi. Ba wanda ya tafa. Mutane suka fara neman takalmansu, masu rake suka fara ɗaure kaya. Sabi'u ya taso zai yi magana, Adawiyya ta riƙe masa hannun riga, ta ce ta riga ta yi.

Kashegari da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Aka fito da gado, da katifar da har yanzu ke warin ruwa, da akwati, da 'yan kwanoni. Inna ta rungume Ulfa tana kuka, ta ce wa Adawiyya ta yafe mata. Adawiyya ta ce ba komai, Inna, kuma har ranta ta faɗa. Ta share ɗakin tas, ta cire zanenta daga bakin ƙofa, abin da akuya ta rage, ta ninke.

Kabo ya zo ya leƙa ɗakin, ya ga faɗinsa, ya ga ba kowa. Ya kira Ɗanmaliki ya ce buhunan takin nan goma sha biyu da suka cushe masa shago a kwaso su a zuba nan. Ɗanmaliki ya ce to, ya fara jido. Da aka jera na ƙarshe Kabo ya dubi sama, ya ga hadari na haɗuwa a gabas.

"Kai, maza kira mani Sodangi! Yanzun nan, ko mi yake yi ya bari!"

Ana ɗaure kaya a mota Sodangi ya iso da gudu. Aka kwance raga, aka ɗauko ɓari biyun daga zaure. Bai karkace ba, bai ƙi shiga ba. Kafin direba ya gama ɗaure igiya an kafa ƙyaure, kore shar da farin layi, Kabo ya zaro sabon kwaɗo daga aljihu ya datse, ya ja shi sau uku ya tabbatar.

"Ba a barin taki a buɗe," yake ce wa Sabi'u, kamar mai ba da shawara. "Ga ruwa, ga awaki, ga idon mutane. Yini guda sai ya lalace."

Adawiyya na tsaye a bakin zaure da ƙullin kaya a hannu, tana kallo. Ulfa ta ja mata hijabi, tana tsalle.

"Umma, Umma, ga ƙyaurenmu ya dawo! Mu koma ɗakinmu?"

Adawiyya ta kama hannunta suka nufi mota.

"Taho mu tahi, ɗiyata. Masu daraja sun shiga."